FASHIN BAƘI: Sabis, saƙo da manhaja: Wa ke riƙe da hanyar sadarwar mutanen Giwa Tazo, Jega da Aliero?

Mazaunin Giwa Tazo, a Ƙaramar Hukumar Maiyama ta Jihar Kebbi, yana iya ɗaukar wayarsa mai layin MTN ya kira ɗan'uwansa mai layin Airtel a Jega, kiran ya shiga. Yana iya tura kuɗi daga asusunsa na banki zuwa asusun OPay na dillalin albasa a Aliero, kuɗin su isa. Amma ba ya iya tura saƙo daga WhatsApp zuwa Telegram, ko daga Signal zuwa Messenger. In wanda yake son magana da shi ba ya kan manhajar da yake kai, tilas ɗayansu ya bi ɗaya.

Dalilin wannan bambanci shi ne doka da ƙa'ida. An tilasta wa kamfanonin waya da bankuna su yi magana da juna da harshe guda, ba a tilasta wa manhajojin saƙo ba. Wannan bayani ya bi diddigin abubuwa uku da suke ɗaure da juna: sabis ɗin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa, ƙa'idojin da saƙonni ke tafiya a kansu, da kuma gurbin da ya rage wa ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a wannan yanki.

Yankin da abin da ya rataya a kan sabis

Aliero da Jega da Maiyama suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce, Aliero kuwa ta yi suna da noman albasa da ɗorin karaya. A 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Kimiyyar kwamfuta na cikin fannonin da ake koyarwa a cikinta.

Sabis ya daɗe da wuce matsayin abin nishaɗi a irin waɗannan garuruwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND, da ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ta intanet ake nemansa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, ciniki a kasuwanni ya koma kan taransifa da masu POS, kuma duk inda sabis ya tsaya, ciniki ya tsaya.

Har ƙuri'a ma ta shigo ciki. A Yulin 2021, ana muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, jami'an Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun shaida wa Majalisar Wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kaɗai ke da sabis ɗin 3G, bisa wani binciken 2018. INEC ta dage cewa tana da ƙarfin aikawa. Ko wanne ɓangare mutum ya gaskata, taswirar sabis ta zama hujjar siyasa tun daga wannan rana.

Hanyar da saƙo ke bi

Waya tana magana ne da ƙarfen sabis mafi kusa. Daga ƙarfen, bayanai suna tafiya ta wayar fayiba da aka binne a ƙasa, ko ta farantan rediyo da ke kallon juna daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har su isa cibiyar kamfanin. Abin da zai fita waje yana bi ta manyan kebul na ƙarƙashin teku, waɗanda akasarinsu a Legas suka sauka.

Layukan da ke saman fuskar waya suna auna mataki na farko ne kawai, wato ƙarfin siginar da ke tsakanin waya da ƙarfe. Shi ya sa ake ganin sabis a cike amma hoto ya ƙi buɗewa. Ko dai jama'a sun yi wa ƙarfen yawa, kamar yadda ke faruwa ranar kasuwa ko ranar rajistar ɗalibai, ko kuma an samu yankewa a can bayansa. Masu aikin titi kan tsinke fayiba, ɓarayi kan kwashe batura da man janareta. Mafi yawan ƙarafan ma ba na kamfanonin layi ba ne, na kamfanoni ne irin su IHS da American Tower, waɗanda ke ba da su haya. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, dizal da sola ne ke riƙe da su, kuma kuɗinsu yana dawowa kan mai sayen data.

Matsalar kan taso daga nesa ma. Ranar 14 ga Maris, 2024, kebul huɗu na teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, bankunan Najeriya suka shiga ba abokan hulɗarsu haƙuri.

A ƙauye akwai ƙarin lissafi. Kamfani yana kafa ƙarfe ne inda yake sa ran kuɗinsa za su dawo. Garin da ke bakin titi yakan riga na cikin lungu samun 4G, shi ya sa aka saba ganin mutum da layi biyu ko uku, kowanne da inda yake kamawa, da kuma wuraren da kowa a gari ya sani nan ake tsayawa in ana son kira ya fita. Dokar Sadarwa ta 2003 ta hango wannan giɓi, ta kafa asusun USPF domin kai sabis wuraren da kasuwa ba za ta kai ba.

Farashi da haƙƙin mai layi

An yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, a kan dala miliyan 285 kowane lasisi, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008. Gasar da ta biyo baya ce ta karya farashin layi da na kira.

Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, da saurin megabit 10 a daƙiƙa a karkara, da farashin da bai wuce Naira 390 ba a kan gigabait guda. A farkon 2025 alƙaluman NCC ba su kai kashi 50 ba. Ranar 20 ga Janairun shekarar kuma hukumar ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun koka da faɗuwar darajar Naira da tsadar dizal. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6.

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin jama'a shi ne data na ƙarewa da wuri. Wani ɓangare na dalilin yana cikin wayar kanta: bidiyon da ke kunna kansa, manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye, da hotunan zaurukan WhatsApp da ke sauka ba a nema ba. Hoto guda yana iya cin abin da ɗaruruwan shafukan rubutu ba za su ci ba, kuma layin 4G yana jan bidiyo mai nauyi fiye da na 3G. Duk da haka ƙorafin ya yi ƙarfin da a 2024 NCC ta umarci kamfanonin su kawo masu bincike daga waje su duba tsarin cajinsu.

Akwai hanyoyin da doka ta ba mai layi, waɗanda da yawa ba sa amfani da su:

- Lamba 300 ce ta sashen kula da abokan hulɗa a kowane layi. *310# na nuna ragowar kuɗi, *323# na nuna ragowar data.
- In kamfani bai warware ƙorafi ba, ana kiran NCC kyauta a 622, tare da lambar ƙorafin da kamfanin ya bayar.
- Tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla.
- Tun Afrilun 2013 mutum na iya ƙaura zuwa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.
- A 2025 NCC ta wajabta wa kamfanoni sanar da jama'a in sabis ya samu babbar yankewa, da biyan diyya in ta wuce sa'o'i 24.

Mece ce buɗaɗɗiyar ƙa'ida?

Ƙa'idar sadarwa ita ce yarjejeniyar da na'urori biyu ke bi su fahimci juna: yadda ake rubuta adireshi, yadda ake shirya saƙo, yadda ake tabbatar da ya isa. Ana kiranta buɗaɗɗiya in an wallafa ta kowa ya karanta, kuma kowa na iya rubuta manhajar da za ta yi aiki da ita ba tare da neman iznin wani kamfani ba.

Misalinta a kasuwa shi ne mudu. Matuƙar mai saye da mai sayarwa sun yarda da mudu guda, manomi na iya kai gerensa ga wanda ya ga dama. In babban ɗan kasuwa ya zo da nasa ma'aunin da shi kaɗai ya san girmansa, kuma kowa ya koma awo da shi, to shi ne mai kasuwar.

Kira yana tsallaka layi ne domin GSM ƙa'ida ce ta kowa, kuma sashe na 96 na Dokar Sadarwa ya wajabta wa kamfanoni haɗa layukansu. A Janairun 2024, da rigimar bashin haɗa layi ta ɓarke tsakanin MTN da Glo, sai da NCC ta shiga tsakani, domin kamfani ba ya da ikon yanke wani da kansa. Kuɗi suna tsallaka banki ne domin akwai lambar asusu mai alƙaluma goma da kowa ya yarda da ita, da tsarin turawa nan take na NIBSS wanda ya fara aiki a 2011. Manhajojin saƙo ba su da makamancin wannan a dokar Najeriya.

Manyan ƙa'idojin saƙo a taƙaice

*Saƙon tes.* An aika na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992. Yana aiki a kan kowace waya, ko da 'yar rakani-masallaci ce, ba ya buƙatar data. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma jerin haruffan da aka gina shi a kai ba ya ƙunshe da ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar ɗayansu ya shiga, wayar takan koma wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Ma'ana, saƙon da aka rubuta da Hausa daidai yana iya cin kuɗin saƙo biyu ko uku, alhali irinsa na Turanci ya ci na ɗaya. Wannan darasi ne kan abin da ke faruwa in aka tsara ƙa'ida babu mai magana da yawun wani harshe a wurin.

*Imel.* Ƙa'idar aika shi ta fito a 1982. Mai adireshin Gmail na rubuta wa mai Yahoo ko mai adireshin jami'a, domin kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, tana magana da sauran da harshe guda.

*XMPP.* Jeremie Miller ya fara ta a 1999 da sunan Jabber, aka amince da ita a matsayin ƙa'idar intanet a 2004. Tana yi wa hira abin da imel ya yi wa wasiƙa: adireshin mutum yana ɗauke da sunansa da sunan sabarsa, kuma yana iya hira da mai kowace saba. Google Talk ya yi aiki da ita daga 2005, Facebook ma ya buɗe mata ƙofa a 2010. Da suka tara jama'a, Google ya fara janyewa a 2013, Facebook ya rufe a 2015. WhatsApp kansa, wanda aka kafa a 2009 kuma Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, a kan wani samfurin XMPP da aka yi wa kwaskwarima aka fara gina shi, sannan ba a haɗa shi da kowa ba.

*Matrix da ActivityPub.* Matrix ta fito a 2014. Gwamnatin Faransa ta gina manhajar ma'aikatanta, Tchap, a kanta, rundunar sojin Jamus ma ta yi haka. ActivityPub kuwa, wadda aka amince da ita a 2018, ita ce ke ba dandamali irin su Mastodon damar musayar rubutu tsakanin sabobi daban-daban.

*RCS.* Ita ce magajiyar saƙon tes, tana ɗaukar hoto da murya da zaure. Apple ya karɓe ta a Satumban 2024, amma tana buƙatar data da goyon bayan kamfanin layi.

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar doka. Dokarta ta kasuwannin zamani ta wajabta wa WhatsApp da Messenger su buɗe ƙofa ga sauran manhajojin da suka nema, daga Maris na 2024. Wannan haƙƙi na masu amfani da ke Turai ne, bai shafi mai waya a Kebbi ba.

Rufewa uku a shekara guda

Shekarar 2021 ta nuna wa 'yan Najeriya inda makullan suke.

Ranar 4 ga Yuni, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Kamfanonin layi suka toshe shi washegari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. A Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

A farkon Satumba, NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis gaba ɗaya a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, bisa buƙatar gwamnatin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne, ya zarce. Ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wasu sassan Kaduna suka biyo baya. Mutane sun riƙa yin tafiya mai nisa domin kira guda ko cirar kuɗi.

Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duk duniya na kimanin sa'o'i shida, saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin. Kira da tes da imel sun ci gaba da aiki.

Waɗannan abubuwa uku ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ya kamata a auna amfanin buɗaɗɗiyar ƙa'ida da iyakarta. Tana magance na uku, domin faɗuwar saba guda ba ta kayar da sauran. Tana rage zafin na farko, domin toshe dubban sabobi ya fi toshe kamfani guda wuya. Na biyu kuwa ya fi ƙarfinta: in aka kashe ƙarfe, babu ƙa'idar da za ta ɗauki saƙo daga Maiyama zuwa Birnin Kebbi.

Tana da wasu raunukan. Saba tana buƙatar wuta da mai kula da ita da kuɗin haya. Buɗaɗɗiyar ƙofa takan jawo saƙonnin damfara, kamar yadda masu imel suka sani. Kuma mutum yana zuwa ne inda danginsa da malaminsa da abokan cinikinsa suke, ko da wata manhajar ta fi kyau.

Wa ke ganin saƙon?

Buɗaɗɗiyar ƙa'ida da sirri abubuwa biyu ne daban. Saƙon tes na kowa ne, amma ba a kulle yake ba, kamfanin layi na iya ganin abin da ke ciki. WhatsApp rufaffe ne, amma tun Afrilun 2016 yake kulle saƙonni daga waya zuwa waya da tsarin Signal, ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke karantawa. XMPP da Matrix ma suna da irin wannan kulle.

Abin da kulle ba ya ɓoyewa shi ne bayanan gefe: wa ya yi magana da wa, da wane lokaci, daga wace waya. A Najeriya kowane layi yana ɗaure da lambar NIN bisa umarnin da ya fara a Disamban 2020, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa masu ba da sabis ajiye bayanan zirga-zirgar abokan hulɗarsu na shekara biyu. Manhajar da ke rajista da lambar waya ta san mutum da sunan da hukuma ta san shi. Ga ɗan jarida da ɗan gwagwarmaya da wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Shari'ar ta shafi bayanai da gasa. Ba ta kai ga tilasta buɗe ƙofar saƙo ba.

Gurbin ɗalibi

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Aliero yana fuskantar abin da ɗan'uwansa na Kano ko Zariya ke fuskanta: tsadar laftof, wutar da ba ta tsayawa, da kayan aikin da saukar da su kaɗai ke cinye datar mako. Da yawa a waya suke fara koyon Python da JavaScript. Wasu dabaru suna rage nauyin. Git, manhajar da ake adana tarihin aiki da ita, tana aiki ba intanet, sai lokacin turawa. Littattafan jagora ana sauke su sau ɗaya a raba wa aji ta filashi.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce a kan filin wa zai yi gini. Wanda ya gina kan WhatsApp sai ya bi ta ƙofar kasuwanci ta Meta, da sharuɗɗanta da farashinta. Waɗanda suka gina kan Twitter sun ga abin da ya faru a 2023, da kamfanin ya mayar da ƙofar da ta daɗe kyauta ta kuɗi, ƙananan manhajoji da ayyukan bincike da dama suka mutu. Zanen aro ba ya rufe katara. Lambar USSD ma sai an bi ta kamfanin da ke da lasisi, an biya.

A kan buɗaɗɗiyar ƙa'ida lissafin daban ne. Takardun XMPP da Matrix da imel suna nan kyauta, manhajojin saba irin su Prosody da ejabberd ma kyauta ne, ana iya karanta yadda aka rubuta su layi-layi. Tsohuwar kwamfuta guda da na'urar Wi-Fi sun isa a kafa sabar hira da za ta yi aiki a cikin tsangaya ko ɗakin kwanan ɗalibai ko da intanet ta ɗauke, domin saƙon bai fita harabar ba. Ɗalibin da ya yi wannan ya koyi adireshi da tsaro da ajiyar bayanai a aikace, abubuwan da allo kaɗai ba ya koyarwa.

Ayyukan kammala digiri da suka dace da yankin ba su da wuyar hange: tsarin da zai tura farashin albasa da shinkafa ta tes ga mai ƙaramar waya, ya kuma ƙirga haruffan Hausa don kada kuɗi su ninka, sanarwar tsangaya da ba ta dogara ga wayar shugaban aji ba, manhajar da ke ajiye saƙo ta tura shi da kanta idan sabis ya dawo, fassara manhajar hira ta buɗaɗɗen tushe zuwa Hausa.

Ƙofofin shiga ma akwai. Shirin Google Summer of Code, tun 2005, yana biyan masu koyo su yi aiki a kan manhajojin buɗaɗɗen tushe, kuma gidauniyar da ke kula da XMPP ta sha shiga cikinsa. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP suna aiki kan harsunan Afirka a kwamfuta. Shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa, wanda Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, yana da burin horar da mutum miliyan uku. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a Disamban 2022 ya ware kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Wannan kashi 30 ya isa a shigar da ƙa'idojin sadarwa da gina manhaja ga wuraren da sabis ke da rauni.

Alhakin wa?

Tsarin Mulki ya sa sadarwa a hannun Gwamnatin Tarayya. Lasisi da farashi da ingancin sabis na NCC ne, kai sabis karkara na USPF ne, kasafinsu kuma ta Majalisar Tarayya yake bi. Ma'aikatar Sadarwa ta sanar da shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 da kafa sababbin ƙarafa kusan 7,000 a karkara. Wuraren da za su amfana abu ne da sanata da ɗan majalisar wakilai ke da hurumin tambaya.

Jiha ma tana da nata rabon. Ita ke ba da iznin haƙa gefen titi a binne fayiba, wanda gwamnoni suka amince a 2020 kada kuɗinsa ya wuce Naira 145 a kan kowace mita. Ita ke da jami'ar Aliero, ita ke yanke shawarar ko sanarwar ma'aikatu za ta tsaya a shafin Facebook da zauren WhatsApp, ko za ta fita ta shafin hukuma da imel da tes da kowa zai iya samu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan mazaɓa na iya tambayar USPF ayyukan da ta yi a ƙananan hukumomin Maiyama da Jega da Aliero da kuɗin da aka kashe, ta tambayi NCC wuraren da ta lissafa a matsayin marasa sabis a yankin, ta kuma tambayi TETFund abin da ya ware wa sashen sadarwar jami'ar. Ana rubuta takardar da sunan shugaban hukumar, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin da shi ake zuwa kotu in kwanakin sun cika ba amsa.